Tsatsa ta kama bindiga mai baki biyu bayan damina: har ina zan warware ta?

Ɗan Fadama, Daura

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar manya da suka san kan ƙarfe. Bindiga ce mai baki biyu, lamba 12, irin wadda ake karyawa a zura harsashi, da lasisinta, ta harbin zabi da fakara. Tun saukar damina tana cikin jakarta, jingine a kusurwar ɗaki. Yanzu da aka fara yankan gero na fiddo ta, sai ga jar tsatsa ɗigo-ɗigo a bayan bututun, cikin na hagu kuma ya yi duhu daidai mazaunin harsashi. Ga shi in na zo rufe ta sai na danna da ƙarfi kafin liba ta koma wurinta.

Har ina ya kamata in warware ta da hannuna? Wane mai ne ya dace, don wani ya ce mini baƙin mai ya fi komai kashe tsatsa? Sannan ina ganin bidiyon Turawa suna zazzage irin wadda ke ɗura kanta gunduwa-gunduwa, har da fistin da sifirin. Tawa ma sai an yi mata haka kafin ta wanku? Allah ya saka da alheri.

Baban Sandamu

Wa alaikumus salam. Ɗana, taka gida uku take rabuwa: bututu, katakon gaba, sai uwar bindigar haɗe da ƙota. Ko sukundireba ɗaya wankin nan ba ya bukata. Wanda ya ce ka kwance sukurori, ka yi masa godiya ka bar shi da shawararsa.

Kafin komai ka karya ta, ka leƙa mazaunin biyu da ido, ka kuma zura yatsa, don ido na yaudara a ɗaki mai duhu. Harsasan jaka da na aljihu a kai su wani ɗakin a rufe. Yara su fita. Shimfiɗa tsohon zane a inuwa inda iska ke ratsawa, amma ba inda take kwaso yashi ba.

Rufe ta fanko, kuma kada ka ja kunama. Wannan wurin ne mutane ke shiga uku. Irin da gudumarta ke ɓoye a ciki, karyawar da kake yi ita ke ɗana ta, kuma katakon gaba ne ke tura ƙarafan da ke yin ɗanin. In ka saki kunama sannan ka cire katakon, ko ka cire shi sannan ka ja, wasu ba za su yarda katakon ya koma ba sai an ɗaga ƙarafan nan da hannu. Daga nan sai ka ga mutum ya ɗauko guduma. Bar ta a ɗane har ka gama.

Katakon gaba ɗaya daga cikin hanya uku yake fita. Ko akwai ɗan harshen ƙarfe a tsakiyar cikinsa da ake ɗagowa da farce, ko maɓalli a can ƙarshensa da ake dannawa ciki, ko kuma babu komai, sifirin ne kawai ke riƙe da shi, sai ka sa yatsu a kansa ka janyo shi ƙasa. Da ya fita, riƙe bututun da hannun hagu sosai, tura liba dama da babban yatsan dama, ka sunkuyar da bututun kamar za ka zuba harsashi. Zai wuce inda ya saba tsayawa, ƙugiyarsa ta saki ƙusar da yake juyawa a kai, ya taho hannunka. Riƙon nan kada ka yi masa sakaci. Bututun mai baki biyu ba shi da kauri a tsakiya, faɗuwa ɗaya a kan siminti ta isa ta lotsa shi.

Wankin ciki daga baya ake yi zuwa baki, yadda harsashi ke bi. Sandar ta zama ta katako ko ta farin ƙarfe mara nauyi ko tagulla. Rodin gini kada ya shiga. In babu sanda, igiya mai ƙarfi da ɗan nauyi a kanta ta wadatar: ka jefa nauyin ta baya, ya fito ta baki, ka janyo tsumman. Faɗin cikin lamba 12 kusan milimita 18.5 ne, saboda haka tsumma mai faɗin tafin hannu, na tsohuwar singileti ta auduga, shi ke cika shi daidai. Jiƙa na farko da kananzir ko maganin wankin bindiga in kana da shi, ka ratsa sau biyu, ka bar shi minti 10 zuwa 15 ya ci. Sannan burushin tagulla na lamba 12, kamar sau goma. Kowane zuwa sai ya fita gaba ɗaya kafin ka janyo shi. In ka juya shi a tsakiyar bututu gashinsa na tanƙwarewa, wani lokaci ya maƙale. Bayan haka busassun tsummoki, ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe ya fito fari ko kusa da fari.

Duhun da ka gani a na hagu ba lallai tsatsa ba ce. Gaban mazaunin harsashi akwai inda ramin ke tsukewa a hankali ya koma faɗin bututu. Nan robar da ke tura dalma take goguwa ta bar dauɗa, dalmar ma ta bar zane-zane masu toka-toka. Haka ma can kusa da baki inda aka matse shi. Nan biyun za ka fi daɗewa da burushi. In ka gama ka ɗaga bututun wajen hasken sama, ba wajen rana kai tsaye ba, ka leƙa ta baya kana juya shi. Dauɗa tana tashi ta bar ƙarfe sumul. Abin da ya rage kamar zanzana a fuska, tsatsa ce ta riga ta ci rami, shi kuma ba ya gogewa. In ƙanana ne, tsabta da mai za su tsayar da su. In masu zurfi ne har farce ko tsinke na kamawa, sai an auna kaurin bangon. Masu sana'ar a Ingila ba sa son ya gaza inci 0.020, wato rabin milimita ke nan.

Taurin rufewa kuwa, kafin ka zargi wani abu duba ƙarƙashin maɗagin kwanso, ɗan ƙarfen nan mai siffar rabin wata da ke turo kwanso in an karya ta. Janyo shi waje iyakar tafiyarsa ka goge bayansa da kujerar da yake zama da tsohon burushin haƙori da tsinken ashana. Ƙwayar albarushi ɗaya da ba ta ƙone ba, ko ƙaiƙayin gero, ko ɗan yashi, ya isa ya hana shi kwantawa, in bai kwanta ba kuma bindiga ba ta rufuwa yadda ya kamata. Ka kuma share kwarmin da ke cikin uwar, inda gindin bututu ke sauka, da tsagogin da sakata ke kamawa.

Tsatsar waje: ɗiga mai a wurin, bar shi ya kwana, gobe ka goge da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, hannu sako-sako, da mai a jikinsa koyaushe. Ba soson wanke tukunya ba, shi zai kankare baƙin launin ya bar maka farin tabo da zai fi saurin tsatsa. Samfefa ma haka. Wadda ta yi ɓawo ka kankare ta da gefen kwanon tagulla ko jan ƙarfe, don sun fi ƙarfen bindiga taushi, ba sa yi masa rauni.

Wajen mayarwa, ƙusar juyi da ƙugiya da inda ƙarfen katakon gaba ke goguwa su ne ke son giris, gwargwadon ƙwayar shinkafa a kowane wuri, bayan ka goge tsohon tas. Rataya ƙugiya a ƙusa, liba na dama, ɗago bututun a hankali ya rufe, sannan katakon ya koma har ka ji ƙas. In wani abu ya ƙi shiga, to ba a daidai yake ba, ƙarfi ba zai gyara shi ba.

Malamin Ƙofar Sauri, Katsina

Baba ya gama magana a kan taka. Ni tambayarka ta uku zan taɓa, Malam, don kada bidiyo ya sa ka ɗauka taka aikinta bai cika ba.

Wadda ke ɗura kanta tana da kayan ciki da yawa ne saboda ita ke yin aikin da hannunka ke yi. Kai kana karyawa, ka zare kwanso, ka zura sabo, ka rufe. Ita kuwa ƙarfin harbin take ara ta yi wannan duka, sannan ta jira a sake jan kunama. Mafi yawa hayaƙi suke amfani da shi: akwai ɗan rami a jikin bututu, harsashi na wucewa sai wani kaso na hayaƙin ya bi ta nan ya bugi fistin, fistin ya tura sakata baya, sakata ta fizgo kwanso ta jefar, sifirin ya dawo da ita ta kwaso sabo daga magazin, wato ma'ajiyar harsasai da ke jikinta. Remington 1100 da ta fito a 1963 haka take, har da wani zoben roba a wajen fistin da in ya tsage sai ta daina ɗurawa. Wasu kuma ba ruwansu da hayaƙi. Browning Auto-5, da aka fara ƙerawa a Beljiyam farkon ƙarni na 20, bututun ne dukansa ke ja da baya. Benelli ta Italiya da girgizar harbin take aiki.

To ka ga duk inda hayaƙi ya bi sai ya bar gawayi, gawayin ya bushe ya yi tauri kamar ƙanzo. Shi ya sa dole a fiddo fistin da sakata a kankare su, a tabbatar ɗan ramin bai toshe ba. Kuma fistin a bushe ake barinsa ko da ɗan shafi kaɗan, don mai in ya haɗu da zafin hayaƙi shi ma gawayi yake komawa. Ta harsashi guda mai murɗaɗɗun tsagogi a cikin bututu tana da ƙarin nata: jan ƙarfen jikin harsashi na mannewa a tsagogin, sai da maganin da ke narkar da shi, sannan bakin bututun in sanda ta ci gefensa saiti ya tafi. Taka cikinta sumul ne, hayaƙinta kuma hanya ɗaya yake bi ya fice. Ba abin da ya kai cikin uwarta da zai sa ka buɗe ta kowace shekara.

Abu ɗaya da ya kamata kowa ya sani game da masu magazin da ake cirewa, ko da ba zai taɓa riƙe su ba: cire magazin ba ya nufin ta zama fanko. Ɗaya na iya kasancewa a mazauni. Ka'idar ita ce magazin ya fara fita, sannan a ja sakata, sannan a leƙa. Wanda ya juya tsarin, ya ja sakata kafin ya cire magazin, ya fitar da ɗaya ne ya ɗura wani. Yawancin "ai na ɗauka babu komai a ciki" daga nan yake fitowa.

Sai doka, tunda a Nijeriya muke ba a Amurka ba. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, da suka haɗa da na soja masu harsashin milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da .303, da ƙananan bindigogin hannu. Waɗannan sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Akwai na kai, da Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba wa lasisi, nan taka take. Amma dokar ta fitar da bindigar tsuntsu mai ɗura kanta daga wannan rukunin ƙarara. Sai na uku, su adaka da ake ɗurawa ta baki, da kwamishinan 'yan sanda na jiha ke kula da su. Ma'aikacin da aka ba mai ɗura kanta don aiki yana da mai kula da ma'ajiyar makamai da littafin ƙa'idarta, can zai koma.

Dokar nan kuma ta taɓa gyara. Wanki aikinka ne. Sana'ar gyaran bindiga kuwa sai da izini, saboda haka in ta kai ga gyara ka tambayi ofishin da ya ba ka lasisi wa suka yarda da shi. Kuma in wani ya ce bakin ya ci tsatsa a datse shi, ka sani dokar ta hana rage bututu mai sumul ya gaza inci 20. Ban da haka ma, matsin da ke tara dalma wuri ɗaya a bakin yake, in aka yanke shi sai ta riƙa watsuwa tun kafin ta isa wajen fakara.

Makaniken Mai'aduwa

Batun mai nawa ne, ranku ya daɗe. Baƙin mai kada ya kusance ta. Man da ya gama zagaye inji ya kwaso gawayi da garin ƙarfe da tsami da ɗan ruwa, shi ya sa aka juye shi. A shafa wa ƙafar amalanke ko gindin azara saboda gara, to. Man gyaɗa da na angurya da man ja kuwa suna shan iska su yi danƙo, bayan wata biyu sai ka tarar allura ta manne tana bugun idon harsashi da sanyin jiki. Man birki ruwa yake zuƙa daga iska, ya kuma cinye fentin ƙota. Fetur na wankewa, amma ya bar ƙarfe tsirara ba kariya, ga haɗarin wuta a gidan da ake hura murhu.

Abin da ake samu a kowace kasuwa kuma yake aiki: kananzir don wanki, man keken ɗinki don shafi. In kana son wanda ya fi wannan riƙe jiki, jan man giyar mota mai otomatik, sabo daga galan, a haɗa shi da kananzir rabi da rabi a ƙaramar kwalba. Yana shiga lungu, kananzir ɗin ya bushe ya bar man. WD-40 na da amfani ranar da ruwa ya dake ka a fadama, don korar ruwa aka yi shi, amma ba shi da kauri, kada ka fesa shi ka ajiye ta damina guda kana ganin ka gama.

A nan zan ɗan saɓa wa Baba, da neman afuwa. Giris a ƙusar juyi daidai ne da damina, amma yanzu hunturu muke fuskanta. Ƙurar da ke tasowa daga arewa in ta zauna a giris, ya zama irin man da muke wasa bawul da shi. Kowace karyawa yana cin ƙusar. Wanda zai goge ya sake sabo duk dawowa daga daji, ya sa giris. Wanda ya san ba zai yi ba, gara ɗigon mai ɗaya ya goge saura.

Yawan mai ma cuta ne. Ɗigo huɗu ko biyar a tsumma sun isa bayan bututun duka, ya yi sheƙi kawai, ba ya naso ba. Ramukan allura kada ka ɗura masu komai. Man da aka zuba nan gangarawa yake ya shiga kan ƙota inda katako ya haɗu da ƙarfe, katakon ya yi baƙi ya yi laushi, ranar da aka yi harbi mai nauyi ya tsage. Duk tsohuwar bindigar da ka ga wuyanta ya yi baƙi ƙirin, mai ta sha. Cikin bututu kuma a shafa don ajiya, amma kafin fita a ratsa busasshen tsumma. Shi kansa harsashi ba ya shiri da mai, in ya shiga idonsa yana iya kashe shi.

Wankin mai shi kaɗai ba ya isa in an harba baƙin albarushi, irin na adaka, ko kwanson da aka sake ɗurawa da hannu ba a san abin da ke ciki ba. Tokarsa gishiri ce mai jan laima, mai ba ya narkar da gishiri, sai dai ya lulluɓe shi yana ci ta ƙasa. Ruwan zafi da ɗan sabulu ake ratsawa a ranar, a bar zafin ya busar da ƙarfen, sannan mai ya biyo. Duhun bututunka na hagu in rami ne, ka tuna abin da ka harba da shi na ƙarshe. Irin wannan kwanson dai barinsa ya fi, don ba wanda ya auna ƙarfinsa.

Ɗan Fadama, Daura

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na bi yadda Baba ya ce. Ƙarƙashin maɗagin cike yake da dauɗa, yanzu tana rufuwa da yatsa biyu. Duhun ma ya tashi, sai ɗigo uku ƙanana. Amma na ga abu biyu. A ƙasan bututun, wurin da yake a shafe, an buga 12/65, kwalin harsashina kuma 12/70 ne. Sannan da katakon gaba ke cire na ji kamar bututun na ɗan motsi. Akwai matsala?

Baban Sandamu

Akwai, ɗana, kuma gara da ka duba. Makanike ya yi gaskiya a batun ƙura, na karɓa.

Lamba 12 faɗi ne, ta biyun tsawon mazauni ne da milimita. Akwai 65, akwai 70, akwai 76, wato inci biyu da rabi, biyu da uku bisa huɗu, da inci uku. Abin da ke ruɗar mutane, tsawon da aka rubuta a kwali na kwanso ne bayan ya buɗe, ba yadda yake a naɗe ba. Saboda haka na 70 zai shige mazaunin 65 lafiya lau, ta rufu ba gardama. Sai an harba, bakin kwanson ya rasa wurin buɗewa, ya kwanta a inda ramin ya fara tsukewa, dalma da roba su bi ta matsatsiyar hanya, matsi ya ƙaru. Ƙari a kan haka, tsofaffin masu 65, galibi ƙirar Ingila da Beljiyam, da harsashi mai sauƙi aka gwada su, na 70 na yanzu kuwa sau da yawa ya fi nauyi. Ba lallai ta fashe yau ba, amma dukan na taruwa, kuma ba mamaki shi ya kawo motsin da ka ji. Gajere a dogon mazauni ba laifi. Dogo a gajere ne ba a yi. Alamarsa a tsofaffin kwansunanka: bakinsu a yage ko a tsuke. Ka tsaya da na 70 ɗin nan har ka samu na 65.

Tunda muna kan lambobi: harsashin lamba 20 kada ya kwana a jaka ɗaya da na 12. In ya shiga taka zamewa yake ya wuce mazauni ya tsaya a gaba, ka leƙa ka ga kamar fanko, ka zura na 12 a bayansa. Wannan kam fasa bututu yake, daidai inda hannun hagu ke riƙe.

Motsin kuma ga yadda za ka tabbatar. Fanko, a rufe, katakon gaba a cire, riƙe ta a wuyan ƙota ka girgiza hagu da dama, sama da ƙasa. Lafiyayya kamar ƙarfe ɗaya take. In ka ji ƙwas-ƙwas, ɗaga ta wajen haske ka duba tsakanin gindin bututu da fuskar uwar. Haske bai kamata ya ratsa ba. Dubi liba ma: a yawancinsu tana sabuwa ɗan dama take tsayawa, tana cinyewa tana matsowa tsakiya, in ta haura hagu sakata ta gaji. Gyaran gaskiya shi ne a sauya ƙusar juyi da mai ɗan kauri ko a cike ƙugiyar a sake daidaita ta, aikin mai izini ne. Abin da ake yi a bakin kasuwa, a dasa kurfi a gefen ƙugiya a doka don ƙarfen ya buɗe, yana ɗauke motsin na harbi ashirin ko talatin, sannan ya dawo ya fi da, ƙugiyar kuma ta lalace.

Wuta kada ta taɓa bututun nan, ko ta maƙera ko ta walda. Doron da ke tsakanin bututun biyu, sama da ƙasa, a irin waɗannan tsofaffin da dalmar soda aka liƙa shi, wadda ke narkewa tun zafi bai kai digiri 200 ba. Gwajinsa da sauƙi: rataye bututun da zare ta ƙugiyarsa, ka ƙwanƙwasa da farce ko fensir. Mai lafiya ƙara yake kamar ƙararrawa. In ya yi dum ko zzz, doron ya saki a wani wuri, ruwa na shiga ƙarƙashi yana cin bangon daga inda ido ba ya gani. Ka kuma bi bayan bututun da yatsu a hankali. Lotsawa ana ɗago ta da kayan aikinta. Kumburi kamar an sa zobe kuwa alamar an taɓa harbawa da abu a toshe ne, wannan bututun ya gama aiki sai mai sani ya ce ba haka ba.

In ka haɗa ta, gwada ta fanko da tsofaffin kwansuna a ciki don allura ta samu abin bugu, baki na kallon bangon ƙasa mai kauri. Sefti, wato maɓallin da ke hana ta tashi, a kulle, ja kunama biyun: kada komai ya motsa. Buɗe sefti, buga gindin ƙota a tabarma da ɗan ƙarfi sau biyu: kada ta saki da kanta. Ja ta gaba: ɗaya kaɗai ya kamata ka ji. In biyun suka faɗi tare, ko ta saki da bugun nan, haƙoran ciki sun cinye. Kada ka sa masu magagari, kada kuma ka fita da ita.

Makaniken Mai'aduwa

Saura ajiya, don jakar nan ita ta jawo maka tsatsar tun farko. Jaka ta tafiya ce. Soson cikinta na shan laimar Agusta ya riƙe, ga gumin hannu da jinin tsuntsu da aka shigar da ita da su, duka gishiri ne. Jingina a bangon siminti ko na ƙasa ma haka, bango na tsattsafo da sanyi. A samu akwati ko kabad mai makulli, a ɗaga shi daga ƙasa, a jefa 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani, in sun jiƙe a shanya su a rana. Bindiga a tsaye baki ƙasa a kan katako, don ragowar mai ya gangara wajen baki maimakon ƙota. Harsasai a wani wuri daban da nasu makullin. Da damina a fiddo ta duk sati biyu a shafa tsumman mai, da rani sau ɗaya a wata ya isa.

Baki kada a toshe shi da tsumma. Na san dalilin da ake yi, zanzaro ne, yana son ramin bututu ya gina ɗakinsa na laka a ciki. Amma tsumman na riƙe laima ya ci bakin, kuma ranar da aka manta shi aka harba, shi da ginin zanzaron duk ɗaya ne. Tsohuwar safa a sa mata daga waje ta fi. Duk fita, kafin harsashi ya shiga, a karya a leƙa bututun biyu a ga haske. In ta faɗi a laka ko yashi a sake leƙawa. In harbi ya yi ƙara mara ƙarfi, fus, robar na iya tsayawa a ciki, a duba kafin na biyu. In kuma an ja ba ta tashi ba, baki ya ci gaba da kallon inda ba kowa, a ƙirga sakan 30 zuwa 60 kafin a karya ta, don tsohon harsashin da ya sha laima yakan yi jinkirin kamawa.

Baƙin da ke hannunka bayan wanki akwai dalma a ciki. Kowa ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Sabulu da ruwa kafin ka taɓa tuwo ko goro, tsummokan kuma kada su koma hannun masu wanke-wanke, a haƙa rami a binne su nesa da rijiya.